Hau dutsi ka ga ƙasarka

Ɗan'uwa, ƙasarmu ta Adar ƙasar duwatsu ce. Daga Ƙonni zuwa Malbaza, har Illela, ko ina ka duba akwai tudu. Kullum kana wucewa gindinsu za ka gona ko kasuwa. To, yaushe rabonka da ka hau bisa?

Ka zaɓi rana guda ƙarshen damana. Ka yi sammako tun rana ba ta yi zafi ba. Ka sa takalma masu ƙarfi, ka ɗauki gorar ruwa da sanda. Kada ka tafi kai kaɗai. Kada ka sa hannu ƙarƙashin dutsi, don maciji da kunama nan suke laɓewa. Ka hau sannu sannu. In ka gaji, ka huta.

In ka kai bisa, ka zauna ka sha iska. Garinku ya koma ƙarami, shanu kamar awaki. In wajen Galmi kake, ga baraji, ga fadamar da ake noman albasa. In wajen Malbaza ne, ga izinin siminti, ga motoci bisa gudron.

Yanzu ka duba da kyau. Ka ga fili ja, fako, wanda ko haki babu? Ka ga kwazazzabai sun sauka daga tudu sun tsaga gonaki? Hanyar ruwa ke nan. Ruwan sama in ya faɗi bisa fako ba ya shiga ƙasa. Gudu yake yi, ya kwashe ƙasa mai kyau, ya zuba rairayi cikin fadama.

Akwai magani. A shekarar 1989 waɗansu manoman Illela sun tafi Yatenga, cikin Burkina Faso. Sun ga yadda ake gina ƙananan ramu cikin fako, a zuba taki, a shuka hatsi. Da suka komo gida suka gwada. Shi ne muke ce ma tassa. Ramin yana riƙe ruwa da taki. Da tassa da jeren duwatsu, fako da yawa ya koma gona.

Wanda ke tsaye cikin gona, gonarsa kaɗai yake gani. Wanda ya hau dutsi ya ga inda ruwan ya fito, ya san inda za a tare shi. Ku hau kai da maƙwabtanka, ku yi shawara tun rani bai wuce ba.

Tambayoyi
1. Mi za ka ɗauka in za ka hau dutsi?
2. Mi ya sa ruwa ba ya tsayawa bisa fako?
3. Ina ruwan da ke ɓata gonarku yake fitowa?