Darasi: Idan Gaban Mota Ya Fara Ƙara Wurin Shan Kwana

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi, motocin ƙungiyoyinmu kuma sun shiga lokacin wahala. Daga yanzu har rani a-kori-kura za ta riƙa ɗaukar gero da dawa da wake daga ƙauyukan Garko da Sumaila da Gaya zuwa kasuwar Wudil ran Juma'a, sau da yawa da mutane zaune a kan buhuna. Don haka darasin wannan wata a kan ƙara ɗaya ne: wadda ke fitowa daga gaban mota sa'ad da direba ya karya sitiyari. Wata ƙarar tana iya jiran kasuwa mai zuwa. Wata kuwa tana nufin taya na gab da rabuwa da mota. Muna so kowane kwamiti ya iya bambanta su kafin a je wurin makaniki.

Da farko a saurara. A sami fili, kamar filin makaranta bayan an tashi. A sauke kaya. Direba ya karya sitiyari har ƙarshe, ya zagaya a hankali da giya ta ɗaya, sa'an nan ya juya ɗaya hannun. Mutum ɗaya ya tsaya a waje, nesa kaɗan, domin kunnen wanda ke waje ya fi gane gefen da ƙara ke fitowa.

Idan aka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, tana ƙara sauri in mota ta ƙara sauri, tana kuma ɓacewa in an miƙe sitiyari, to kan shaf ne, wato gaɓar sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayar gaba. Robar da ke rufe ta ce takan yage, giris ya zube, yashi ya shiga ya cinye ƙarfe. A leƙa bayan taya, za a ga baƙin giris ya fantsama. Amma a lura: wannan ciwon motocin da ke ja da tayoyin gaba ne, kamar Golf da Corolla, da masu ja da taya huɗu. Tsofaffin Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka haɗa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, da tayoyin baya suke ja. In wani ya ce mana shaf ɗin gaban 504 ya lalace, mu riƙe kuɗinmu, domin ba ta da shi.

Idan gurnani ne mai ɗorewa a kan kwalta, yana ƙaruwa in an sha kwana gefe ɗaya, ya ragu in an sha ɗaya gefen, a zargi boris. Yawanci na gefen da nauyi ya koma ne: in ya ƙaru sa'ad da aka karya hagu, a fara duba na dama.

Wadda ta fi ba mu tsoro ita ce "ƙwal" sau ɗaya ko biyu, daidai lokacin da aka fara karya sitiyari ko taya ta faɗa rami. Kafin komai a ɗauko sifana a gwada notocin taya, domin noti ɗaya da mai faci ya manta bai ɗaure ba yana iya kawo wannan ƙara, gyaransa kuma kyauta ne. In notoci lafiya, sai a dubi gaɓoɓi biyu. Tayarod shi ne sandar da ke tura taya hagu da dama bisa umurnin sitiyari. Boljoyin kuwa shi ke riƙe taya a jikin hannun mota. Kowannensu yana da kan ƙarfe mai kamar ƙwallo a cikin gurbi, kamar yadda ƙashin cinyar sa ke zaune a ƙugunsa. Gargada da yashi suna cinye gurbin har ƙwallon ya riƙa wasa a ciki. Wasan nan ne ƙarar. Ran da ya fice gaba ɗaya, taya takan kwanta ko ta juya inda ta ga dama, sitiyari kuma ba ya da sauran amfani. Ku yi tunanin wannan ya faru a bakin gadar Wudil ran kasuwa, tsakanin manyan motocin shanu.

Ga gwajin, mutum biyu sun isa. Mota tana tsaye a ƙasa, ɗaya ya riƙa girgiza sitiyari kaɗan-kaɗan hagu da dama, ɗaya ya durƙusa ya dafa kan tayarod. In akwai wasa, hannu zai ji bugun kafin ido ya gani. Bayan haka a ja birkin hannu, a tokare tayoyin baya da duwatsu, a ɗaga gaba da jak, a sa kututture mai ƙarfi a ƙarƙashi. Kada a dogara ga jak kaɗai, kada kuma a tokare da bulo ko tubali, suna fashewa ba gargaɗi. A kama taya da hannu biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, a girgiza. Wasa a nan yawanci na tayarod ne. Sa'an nan a kama sama da ƙasa a girgiza. In akwai wasa, wani ya taka birki a sake gwadawa: in ya ɓace boris ne, in yana nan boljoyin ne. A wasu a-kori-kura nauyin sifirin yana danne boljoyin na ƙasa har ya ɓoye wasan, don haka sai an sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa kusa da taya.

In duk wannan bai nuna komai ba, mai yiwuwa bushin ne, wato robobin hannun mota, ko kan shakazoba. Waɗannan suna iya jiran mako ɗaya ko biyu, muddin ana tafiya a hankali. Shaf mai ƙas-ƙas ma yakan kai mu gareji. Amma boljoyin ko tayarod mai wasa, shawararmu ita ce a ajiye mota a ranar, ko da an riga an yi lodi. Hayar wata mota sau ɗaya ta fi sauƙi.

Yanzu maganar gareji. Akwai gyaran da ake yi don a kashe ƙara kawai: a bubbuga gurbin da guduma ya matse, ko a cusa roba ko fata a ciki. Ƙara za ta yi shiru, cinyewar kuwa tana nan, mun dai toshe bakin da ke yi mana gargaɗi. Kada ma'aji ya biya kuɗin irin wannan aiki. A sayo sabo. In na hannu za a saya a Ƙofar Ruwa a Kano, a tafi da tsohon don a gwada, a kuma murɗa kan da hannu: in yana lilo ba tauri, ko robarsa ta yage, a bar shi. In notin mai tsaga ne, a tabbata an sa masa filinsa na ainihi, ba ƙusa ko waya ba. Bayan canza tayarod dole a daidaita tayoyin gaba, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye ta gefe ɗaya kafin damina.

A-kori-kura irin 504 an yi ta ne don kayan da bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, wato kamar buhu 10 masu kilo 100, har da nauyin masu hawa. A taron wata mai zuwa, kowane kwamiti ya zaɓi mutum ɗaya ban da direba wanda zai riƙa yin wannan gwaji kowace Alhamis da yamma, ya rubuta abin da ya gani a littafin mota, da kwanan wata.