Darasin Rani: Ziyara da Kwana a Ruwan Ɗumi na Wikki

'Yan'uwa manoma, idan an gama girbi an kai hatsi rumbu, ƙungiyoyi da yawa sukan haɗa kuɗin mota su tafi ganin wani wuri tare. Abu ne mai kyau, gama tafiya mabuɗin ilimi ce. Darasin wannan wata yana kan wani wuri da ya cancanci irin wannan tafiya, watau ruwan ɗumi na Wikki cikin gandun namun daji na Yankari, a Jihar Bauchi. A karanta shi a taron ƙungiya, a tsaya a ƙarshen kowane kashi domin a tattauna.

Manufar darasi

Mu san inda ruwan ɗumi yake fitowa. Mu san yadda za mu je mu kwana mu komo lafiya. Mu kuma gane cewa ƙasar da ta zama ta kowa, riƙonta yana wuyan kowa, kamar dai kayan ƙungiya.

1. Ƙasar wane ne?

Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 2,244, watau hekta fiye da 220,000. An keɓe shi a shekara ta 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi. Akwai giwaye a ciki, garkensu kuwa yana cikin manya da suka ragu a Nijeriya. Akwai ɓauna, da gwanki, da kanki, da mugun dawa, da dorina da kada a kogin Gaji.

Waɗansu sukan ce, "Ai na gwamnati ne," sai su yi abin da suka ga dama. Amma ku tuna da injin niƙa na ƙungiyarku. Ba na shugaba ba ne, ba na ma'aji ba ne, na dukanku ne, domin haka aka sa masa doka. Idan kowa ya kwance ƙusa ɗaya ya kai gida, kafin damina babu injin. Haka gandun yake. Ba a farauta a ciki, ba a kiwo, ba a saran itace, ba a sa wuta. Mai ziyara yana ƙarƙashin waɗannan dokoki tun daga ƙofa.

2. Me ya sa ruwan yake da ɗumi?

Ruwan Wikki yana ɓuɓɓugowa daga gindin wani dutse, garau da shi, har kana ganin yashin da yake ƙasa. Ɗuminsa digiri 31 ne a ma'aunin Selshiyas, dare da rana, rani da damina. Jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne, saboda haka ruwan ba ya ƙuna. An ƙiyasta yana zubar da lita miliyan 21 kowace rana zuwa kogin Gaji. In an auna da duro mai cin lita 200, ya fi duro 100,000.

Babu wuta a ƙarƙashin dutsen, babu kuma wani abin tsoro. Ga yadda abin yake. Mai haƙa rijiya ya sani can ƙasa iska dabam take da ta sama. To, idan aka ci gaba da nutsawa, ƙasa tana ƙara zafi, misalin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ɗaya ta zurfi. Ruwan sama yakan sauka a daji, ya jiƙa ƙasa, ya bi ta cikin dutse mai shan ruwa a hankali har ya kai wuri mai zurfi. Can ya ɗauki ɗumi. Idan ya sami tsaga a dutse, sai ya hauro sama kafin ya huce.

Ku lura da wannan da kyau. Ruwan Wikki ruwan sama ne wanda ya sami zarafin shiga ƙasa. Inda akwai itatuwa da ciyawa, ruwa yakan tsaya ya nutse. Inda aka sare aka ƙone, sai ya gudu a kan ƙasa, ya kwashe taki, ya bar kwazazzabo.

Kada kuwa a ɗauka kowane ruwan ɗumi kamar na Wikki ne. A gandun Yelosuton na Amurka, wanda aka keɓe tun 1872, akwai maɓuɓɓugai da suke tafasa. An shimfiɗa wa mutane hanyar katako domin kada su taka ƙasar da take kewaye da su, gama ɓawonta ba shi da kauri. Duk da haka mutum fiye da 20 sun mutu a can saboda ƙuna. Doka ita ce, duk inda ka ga ruwa mai tururi, kada ka sa ƙafa sai mutanen wurin sun ce maka ana shiga.

3. Shiri kafin tashi

Lokacin da ya fi kyau shi ne rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. Ciyawa ta bushe, namun daji kuma sukan taru kusa da kogin Gaji domin shan ruwa, sai a gan su da sauƙi. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe, a ratse a Dindima zuwa ƙofar gandu a Mainamaji. Daga ƙofa zuwa zangon Wikki akwai kimanin kilomita 40 cikin daji. Ku tashi da sassafe domin ku isa da rana tsaka.

Sakataren ƙungiya ya tuntuɓi ofishin gandu tun da sauran lokaci. Ya tambayi kuɗin shiga, da kuɗin mota, da na ɗaki, da halin hanya da na tsaro a wannan lokaci. Ma'aji ya rubuta kome a littafi, a karanta wa taro kafin a karɓi kuɗin kowa. A rubuta sunan duk wanda zai tafi, a bar kwafi ɗaya a gida.

Ga abin da za a riƙe: gidan sauro, bargo domin sanyin hunturu, tocila, ruwan sha, risho ko gawayi daga gida, akwatin magani, da buhu biyu ko uku domin shara. A sa riga mai dogon hannu, gama akwai tsando a bakin kogi, cizonsa kuwa da zafi. Direba ya duba taya, ya cika tanki tun daga gari.

4. Kwana a zango

Akwai ɗakunan kwana a zangon Wikki. Idan ƙungiya ta zo da tanti domin rage kuɗi, sai a nemi izinin ma'aikata, a kafa a inda suka nuna kaɗai. Kada wani ya ce zai ja tabarmarsa zuwa bakin daji domin iska ta fi daɗi a can.

Abinci shi ne babban abin da yakan jawo wahala. Gwaggon biri ya saba da mutane a zangon, ba ya jin tsoro. Yakan fizge leda daga hannu, yakan shiga mota ko ɗaki idan an bar taga a buɗe, haƙoransa kuma ba na wasa ba ne. A rufe abinci cikin mota ko cikin akwati. Kada a ba shi kome, ko da ɓawon ayaba. Wanda ya ciyar da shi yau, ya koya masa ƙwace daga baƙon gobe.

A dafa abinci a inda aka yarda, a kashe wuta da ruwa kafin a kwanta. Mu manoma mun san abin da tartsatsi ɗaya yake yi wa busasshiyar ciyawa da iskar hunturu.

5. A bakin ruwa da cikin daji

Ruwan Wikki yana da zurfin kusan mita 2 a waɗansu wurare. Domin yana da haske, ido yakan ga kamar ba shi da zurfi. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya a inda ƙafarsa take taɓa ƙasa. A sa manya biyu su zauna a gaɓa suna lura da yara, ba sa yin wani abu dabam. Kada a yi wanki ko a sa sabulu a ciki, kada a jefa kwalba ko leda. Ruwan nan shi ne yake gangarawa zuwa inda namun daji suke sha.

Zagayen ganin namun daji, sai da ɗan jagora daga ma'aikatan gandu. A zauna cikin mota, a yi shiru. Giwa mai ɗa ba ta da haƙuri, ɓauna kuma ba ta ba da sanarwa. Kada a tsinko ganye ko saiwa domin magani, kada a ɗauko itace ko kaɗan. Da za a tashi, a tattara shara duka a sa a buhu. Baƙo raɓa ne, ya kamata ya tashi bai bar ɓarna ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane rafi ko maɓuɓɓuga ne a ƙasarmu yake da ruwa a zamanin iyayenmu, amma yanzu yana ƙafewa da rani? Me ya sāke a kewaye da shi?
2. Waɗanne abubuwa ne a ƙauyenmu na kowa da kowa? Wa yake lura da su?
3. Giwaye sukan fita su ci gonakin ƙauyukan da suke iyaka da Yankari. Ta yaya za a kāre manomi ba tare da an hallaka giwa ba?

Aikin da za a yi

Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum uku su tsara tafiyar, su kawo lissafi a taro mai zuwa. Waɗanda kuɗi bai ishe su bana ba, su zaga rafin ƙauyensu tare, su ƙirga itatuwan da suka ragu a bakinsa, su shirya irin da za su dasa da ruwan fari.