Yadda Ake Zanen Ƙwarya a Ƙasar Garwa

Ƙwaryar da ake kasawa ran Lahadi a kasuwar Pitowa, gabas da Garwa kaɗan, tun daga gona aikinta yake farawa. Da faɗuwar damina ake shuka duma, a bar shi ya yi yaɗo a kan danga ko rufin bukka. Ba a tsinke shi sai ganyen ya bushe, ɓawon ya yi tauri, in an ƙwanƙwasa ya amsa. Wanda ya yi gaggawa, ƙwaryarsa motsewa za ta yi.

Daga nan sai fafewa. A ja layi a tsakiya, a raba da zarto, a jiƙa a ruwa har cikin ya ruɓe, sannan a kankare shi tas. Nan fa ake gane mai haƙuri, domin ɗacin duma in ya saura, nonon da aka zuba ya lalace. A shanya a inuwa, don rana mai zafi tana tsaga ta. Mai son ja sai ta dafa karan dafi da kanwa ta rina bayan.

Zanen kansa aikin wuta ne. Mai zane takan jera wuƙaƙe biyu ko uku a garwashi, tana ɗaukar ɗaya, sauran na yin zafi. Ta ɗora ƙwaryar a cinya, ta dasa bakin wuƙar, hannun hagu na juya ƙwaryar a hankali, hayaƙi na tashi siriri. Da kaifin take jan layi, da faɗin wuƙar kuma take ƙona fili ya yi baƙi ƙirin. Kuskure ba ya gogewa, sai dai ta san yadda za ta shigar da shi cikin adon. Su kuwa Fulanin Mbororo sun fi son kankare ɓawon, farin cikin ya fito. A ƙarshe a shafa man shanu ta yi sheƙi.

Abin da ke damuna shi ne robar da ta cika rumfuna. Ƙwarya in ta tsage gyartai ya ɗinke ta, in ta ƙare ta ruɓe ta koma ƙasa. Roba kuwa sai ta toshe magudana, ruwa ya kwashe ta zuwa kogin Binuwai. Don haka in kin je Pitowa, ki sayi ƙwarya, kuma kada ki karya wa mai zanen farashi.