Baƙo mai taimako: darasi daga wani littafin ƙage

Littafin ƙage shi ne wanda mai rubutu ya ƙirƙiro labarinsa da kansa. Mutanen ciki ba a taɓa yin su ba, amma halinsu irin na mutanen duniya ne. Shi ya sa ake koyon darasi a ciki.

A shekarar 1958 wasu Amurkawa biyu, William Lederer da Eugene Burdick, suka rubuta wani littafi mai suna The Ugly American, wato Mummunan Ba'amurke. Labarin ya faru a Sarkhan, wata ƙasa ta ƙage a kudu maso gabashin Asiya.

Akwai baƙi iri biyu a ciki. Na farko manya ne masu zama babban birni. Jakadansu ma bai jin harshen ƙasar. Ba su san abin da ke damun talaka ba.

Na biyu shi ne Homer Atkins, injiniya mai mummunar fuska, hannunsa kullum da baƙin mai. Shi da matarsa Emma suka tare a ƙauye. Ya ga manoma suna wahalar hawa tudu da ruwa don shayar da shinkafa. Sai ya haɗa famfo da gora da tsofaffin ƙarafan mota, wanda keke ke juyawa. Wani makaniken ƙauyen mai suna Jeepo ya nuna mashi kuskurensa: kowane gida keke ɗaya gare shi, ba mai yarda a lalata mashi nasa. Jeepo ya kawo dabarar ɗora keken a kan famfo, in an gama aiki a sauke shi a hau. Baƙo ya saurara, aiki ya yi kyau.

Ita kuwa Emma ta lura tsofaffin ƙauyen duk bayansu ya tanƙware, saboda shara da gajeriyar tsintsiya. Ba ta tara mutane ta yi masu wa'azi ba. Ta nemo dogon kara ta ɗaura wa tsintsiyarta, ta riƙa share ƙofar gidanta a tsaye. Da maƙwabta suka gani, su da kansu suka kwaikwaya.

Littafin nan ya yi tasiri a Amurka. John Kennedy ya karanta shi tun yana ɗan majalisa. Da ya zama shugaban ƙasa, a 1961 ya kafa ƙungiyar ƴan sa kai da muka sani da suna Corps de la Paix. Sun iso Nijar a 1962. Suna koyon Hausa ko Zabarmanci, su zauna ƙauye shekara 2, su yi aikin lafiya, noma ko koyarwa. An kwashe su a watan Janairu na 2011, bayan sace wasu Faransawa biyu a Yamai.

To, mi ya shafe mu? Baƙi masu kawo aikin raya karkara ba su ƙare ba. Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemo ka ɗaura. Wannan nauyin baƙo ne. Mu kuma namu nauyin irin na Jeepo ne: kar kunya ta hana mu faɗin gaskiya. In an kawo famfo, mu tambaya: in ya lalace wa zai gyara? Ana samun kayan gyaransa a Maraɗi ko Damagaram? Da nawa? Famfon da ba mai iya gyarawa, in baƙo ya tafi, mata ne za su koma jan guga.

Tambayoyi
1. Mi ya bambanta Atkins da jakada?
2. Wace dabara Jeepo ya kawo?
3. A garinku, wane aiki na baƙi ya ɗore, wane ya mutu? Don mi?