Darasin Fassara: Mai Daban, Giris Daban

'Yan'uwa ɗalibai, misalin da zan kawo yau daga jirgin ruwa mai tafiya da iska ne. Yana da na'urar naɗe igiya, wato winci. Aƙalla sau ɗaya a shekara akan kwance ta, a wanke sassanta da kananzir, a bari su bushe. Haƙoranta da boris, giris kaɗan ake shafa musu. Amma 'yan harsunan ƙarfen da ke hana ta juyawa baya, mai mara kauri ake ɗiga musu. Giris kan sa su maƙale, igiya ta kuɓuce, ta ji wa matuƙi rauni. Don haka a ganina, kada mai fassara ya rubuta "a sa mai" kawai. Ya fayyace wane iri.