Kalmar Gimp da Ladabin Ambaton Gurgu a Amurka da Ingila

Gimp kalma ce ta Turancin kan titi da ke nufin gurgu ko mai ɗingishi, wani lokaci kuma ɗingishin kansa. Idan aka ce gimpy, ana nufin ƙafar da ba ta taka ƙasa daidai. Kalmar ta bayyana a rubuce a Amurka cikin shekarun 1920, kuma masu nazarin harshe suna danganta ta da limp, wato ɗingisa, wasu kuma da gammy, wadda mutanen Ingila ke kiran ƙafa mai ciwo da ita. A wancan zamani laƙabi ne da ake liƙa wa mutum, kamar Martin Snyder na Chicago, mijin mawaƙiya Ruth Etting, wanda aka fi sani da Moe the Gimp saboda ɗingishinsa.

A yau kalmar zagi ce. Haka ma cripple, wadda ta fito daga tsohon Turanci kuma take da dangantaka da kalmar rarrafe. Ita kuwa lame, asalinta gurgu, amma matasa sun mayar da ita ga duk abin da bai burge su ba, fim ne ko wasa.  

Wanda ya taso a Madarunfa ta Nijar ya saba jin "gurgu" ba tare da an ɗauke shi cin fuska ba. Guragu suna da sarkinsu, mai shan inna yana tuƙa kekensa da hannu zuwa kasuwa, ana gaisawa ana ba shi sadaka. Baƙon da ya sauka a Bronx ko Greensboro ta Amurka, inda 'yan Nijar suke da yawa, zai tarar da wani tsari dabam. A Amurka an fi cewa person with a disability, a Ingila kuma disabled person; mai keke ana ce masa wheelchair user. Wanda ya yi lakwal ya kula: handicapé na Faransanci yana jan baki zuwa handicapped, wadda Turawan Ingilishi da yawa suke ganin ta tsufa.

Doka ma tana bayan wannan ladabi. Amurka ta kafa dokar kare haƙƙin naƙasassu a 1990, Birtaniya kuma dokar daidaito a 2010, kuma zolayar abokin aiki da naƙasarsa na iya raba mutum da aikinsa. Ba a kama keken mutum a tura sai ya yarda, ba a miƙa masa kuɗi, domin yana iya zama lauya ne a hanyarsa ta zuwa ofis. Kujerun gaba a bas na naƙasassu ne, kuma ajiye mota a wurin da ke da shuɗiyar alamar keke ba tare da takardar izini ba yana jawo tara.