Bango Na Fitar Da Gishiri Tun Bayan Ambaliya

Tambaya: Malam, tun da Dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya shiga gidanmu a Gwange, fentin ɗakina sai ɓarewa yake, wani farin gari na fitowa daga ƙasan bango. Sau biyu na sake fenti. Zan iya gyarawa da kaina?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Za ka iya, amma ajiye bokitin fentin nan tukuna. Farin garin gishiri ne da danshi ke turowa daga cikin bulo, fenti ba ya riƙe shi.

Ɗauki guduma da kurfi ka farfashe filastar, ka wuce layin da ruwa ya tsaya da kamu ɗaya. Goge bulon da burushin ƙarfe a bushe, ka buɗe taga iskar hunturu ta yi aikinta. Ka manna leda a bangon da dare. In ka ga raɓa a bayanta da safe, bai bushe ba.

In ya bushe, kwaɓa siminti kwano ɗaya da yashi mai tsabta kwano huɗu, ka sake yin filastar. Yi ban-ruwa mako guda, ka jira kamar wata kafin fenti. Sayi na ruwa. Na mai yana kulle danshi a ciki.

Amma tsagar da yatsa ke shiga, da wayar lantarkin da ta sha ruwa, waɗannan ba naka ba ne. Don Allah kira magini da mai gyaran wuta kafin yara su koma ɗakin.